Abin da Na Zuba a Kunun Gayya

Zuwa ga Mai Sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka irin gaisuwar da ban taɓa yi maka baki da baki ba. Yaya gajiyar shirin tafiya? Yaya zagayen sallama, yaya kuma kunnuwanka da nasihar gwaggonni? Allah ya tsare ka a hanya, ya tsare ka a masauki, ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya haɗa ka da abokan zama nagari, ya kuma buɗe maka kai a wannan karatun aikin magani da za ka je birni ka yi.

Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke, tari ma in ka yi ina ji, sai ga ƙanwarka Zainabu ta miƙo maka takarda ta ce daga Inna. To, kai ɗan fari ne. Shekara ashirin ban kira sunanka ba, ban zaunar da kai hira ba, in ka shigo gaisuwa bango nake kallo in amsa. Haka na tarar ana yi, kuma ban ƙi ba. Sai dai akwai maganar da ta fi ƙarfin a aiko Zainabu da ita. Ka yi haƙuri da rubutun, na yaƙi da jahilci ne. Ajami ya fi zama a hannuna, amma na san in na rubuta da shi sai ka kai jibi kana haɗa baƙi.

Jibi Asabar za ka tafi. Ka zaga dangin Gammo kaf, ka je Kabo, har gidan kakar abokinka ka shiga. Mutum ɗaya ka tsallake, kuma da gangan: Kawunka Sabi'u, ƙanena, da ke zaune a zauren marigayi Malam a Unguwar Tudu. Shekara biyar ke nan ba ka gaishe shi ba. Ina so ka je ka gaishe shi kafin ka hau mota. Ba zan tilasta ka ba. Ka gama karanta wannan tukuna, sannan ka yanke wa kanka.

Tun ina yarinya Malam, mahaifina da ka ci sunansa, yake cewa ni mai tambayar tsiya ce. In ya ce kada a taɓa tawada, sai na ɗanɗana na ji. In kaza ta mutu, sai na san me ya kashe ta. Har yau ban daina ba, ku kanku kuna min dariya in na tsare mai gyaran rediyo da tambaya ta bayan labule. Abin da ya fi ɗaure min kai a rayuwata shi ne, ranar da tambaya za ta yi min amfani, guda ɗaya tak na yi na rufe baki.

Kana goye aka shiga shekarun da rediyo ke ta cewa kowa ya tsuke bakin aljihu. Mu a Gammo da farko dariya abin ya ba mu, don aljihun ma sai wanda ya gani. Ba a daɗe ba dariyar ta ƙare. Takin zamani ya koma sai mai hanya, sabulu sai an yanka shi gida huɗu, kananzir a kwalbar magani ake auno shi. Gayya kuma ta fara mutuwa. Saurayin da a da zai zo ya yi maka noma saboda tuwo da kiɗa da sanin cewa ran tasa gonar za a rama masa, yanzu ya gwammace ƙwadago, ko ya hau mota ya tafi birni ga-ruwa. Wanda ya daure ya zo, da yunwarsa yake zuwa, kafin rana ta take ya sare.

A daminar nan ciyawa ta ci ƙarfin gonar babanku ta bakin rafi. Ya kira gayyar noman fari, 'yan tsiraru suka zo, aka tashi ko rabi ba a ci ba. Ya dawo ya zauna a gindin rumbu, na ajiye masa tuwo bai ko buɗe ba. Wannan dawar ita ce abincinmu na shekara, da ni da shi da kai da kakarka.

Akwai wata dillaliya da ke shigo mana da atamfa da kwalli daga Gwarzo. Ta tarar da ni ina daka ina haki, kai kuma kana ta tsala kuka a bayana. Ta kwance bakin zane ta fito da wasu 'yan ƙwayoyi farare a leda.

"Haɗiyi ɗaya ki ga ikon Allah," in ji ta. "Sai-yamma ake ce mata. Direbobin Legas ita suke sha."

Na juya ta a tafin hannu na ce, "Ba dai haram ba ce ko?"

"Wace irin haram kuma? Magani ne fa, daga kemis. Kin taɓa jin an ce maganin gajiya haram?"

Tambayar ke nan, ban ƙara wata ba. Ban ce me ke cikinta ba, ban ce gajiyar ina take zuwa in an kore ta ba, ban ce me ke faruwa da direban bayan ya isa Legas ba. Na haɗiya. Ranar na daka namu, na daka na maƙwabta, na wanke kayan gidan nan har da waɗanda ba su yi datti ba, na share tsakar gida sau biyu. Da na rasa abin yi, turmi na hau wankewa. Kakarka tana kallona tana cewa yau amaryar gidan nan aljanu sun hau ta. A cikin wankin turmin ne tunanin ya zo min. Idan mace ɗaya ta yi haka, ina ga samari ashirin da fartanya?

Da aka kira gayya ta biyu, na dama kunun tsamiya masaki biyu. Na niƙa ƙwayoyin a ɗan dutsen da nake niƙa yaji, na barbaɗa, na ƙara tsamiya da citta don su danne ɗacin. Ban gaya wa babanku ba. Kafin la'asar an gama gonar bakin rafi, samari suka ƙi ajiye fartanya, suka tsallaka gonar wata bazawara da ke maƙwabtaka suka nome mata ba ta roƙa ba. Mai gangar noma ya saka gidanmu a kirari. Tun daga ranar, in aka ce gayyar gidanmu ce, ba a aika wa kowa sau biyu. Mata suna zuwa tambayata sirrin kunun, ina ce musu masoro ne. Wallahi na ji daɗin yabon nan. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗinsa har cikin raina.

Kawunka a lokacin shekararsa goma sha bakwai. Kai ba ka san wancan Sabi'un ba. Duk makarantar Malam ba wanda ya kai shi hadda, ga murya, ga barkwanci, saura ƙiris ya sauke. Duk gayya sai ya hau keke tun daga Unguwar Tudu ya zo ya taya mijin yayarsa. Ka san yadda ake yi in ana raba kunu, na sama tsinkakke ne, mai kaurin yana ƙasa, kuma wanda kake so shi kake ajiye wa gindin masaki. Ni kuwa wa nake so kamar Sabi'u? Sai in sa a dawo min da masakin in ya kusa ƙarewa, in juye masa a ƙwaryarsa daban. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin inda garin ƙwayar yake kwanciya ba. Ashe duk abin da ya zauna a ƙasa, shi nake ɗura wa. Damina uku ina yi.

To ga nasihata ta farko, tunda aikin magani za ka koya. Mutane za su riƙa zuwa gabanka suna cewa a ba su maganin gajiya. Kafin ka miƙa hannu kan kanta, ka tambaye shi me ya gajiyar da shi, yaushe rabonsa da abinci, yaushe rabonsa da barci. Kada ka tsaya a kan ko abu ya halatta a sayar kawai, ka bi shi har inda zai kai mai sha nan da shekara uku. Kada kuma ka taɓa saka wa mutum wani abu a ciki bai sani ba, ko da kana ganin alheri kake yi masa. Ni ma alheri nake ganin ina yi.

A damina ta uku, wata Talata da ba gayya ba komai, sai ga Sabi'u da hantsi. Ya jingine keke ya zauna a bakin ƙofar ɗakina, idanunsa sun faɗa.

"Yaya, babu ragowar kunun nan? Jikina ne kamar an zare min laka."

Na tashi na dama masa, gero da tsamiya kawai. Ya kurɓa sau biyu ya ajiye ludayin.

"Wannan ba shi ba ne," ya ce.

Nan na gane abin da na yi masa. Yana fita na kwashe sauran ƙwayoyin na zuba a masai, na wanke dutsen da toka, na yi alwala na yi ta istigfari. Da dillaliyar ta dawo na ce kada ta ƙara kawo min. Na ɗauka shi ke nan na tuba, magana ta ƙare. Wannan ne kuskurena na biyu, kuma ina ganin ya fi na farko muni, don na farko da rashin sani na yi shi. Da ranar na yafa mayafi na je gaban Malam na ce ga abin da na aikata, da an san me ake nema wa magani tun abin yana ɗanye. Na ji tsoron idon Malam, na ji tsoron a ce 'yar malamai ce ta yi haka, na ji tsoron igiyar aurena. Sai na yi gum. Sabi'u kuwa jikinsa bai yi shiru ba. Ya yi ta neman abin da ya ɓace masa har ya same shi a bayan tasha.

In ka yi kuskure a aikinka, ka ba wani maganin da ba shi ba, kada ka gyara a ɓoye ka ce Allah ya gani. Ka je ka faɗa wa wanda abin ya shafa tun yana da sauran amfani. Kunyar ranar ɗaya ce.

Daga ƙwayar aiki ya koma ta barci, don waccan ta hana shi runtsawa. Daga nan sai sholisho, sai wiwi, sai duk abin da ya samu. Allo ya koma jingine. Ka san me muka ce a gida? Muka ce iska ce. Wasu suka ce sammu ne aka yi masa saboda haddarsa. Ni da bakina na ce hassada ce ta 'yan uwan karatu, har na ambaci gidan da nake zargi, mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Malam ya yi ta rubutu yana wankewa yana ba shi, har yatsunsa suka daina riƙe alƙalami da kyau. Ya rasu bai san gaskiya ba.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Me ya sa aljani ya fi mana sauƙin faɗa a kan ƙwaya? Abin da na gano shi ne, in aka ce aljani ne, ba wanda za a tambaya. Ba a tambayar uwa, ba a tambayar mai gona, ba a tambayar mai kemis. Gida ya tsira da mutuncinsa, sai a yi ta zuwa jaje ana kawo turare. In aka ce ƙwaya ce kuwa, dole wani ya ce a ina ya samu. Ban ce babu iska a duniya ba, ni 'yar Malam ce. Amma in mara lafiya ya zo gabanka danginsa suna rantsuwa cewa jifa ne, ka saurare su da ladabi, sannan ka keɓe da shi ka tambaye shi me yake sha.

Sai aka kawo shari'a. Kai ka ga wannan da idonka, shekararka goma sha biyar. Ni ma na yi murna, har guɗa na yi a tsakar gida, kuma ban janye ba. An rufe wuraren da ya kamata a rufe, mata da yawa sun sami barci. Kai kuma lokacin Islamiyya ta shiga jininka, ga sabuwar hula, ga wando ya ɗage, kowa a gidan nan sai ka gyara masa alwala, har da kakarka. Da kwamitin gari ya ce duk wanda ya san mai shaye-shaye ya kawo sunansa, kai ka kai sunan Kawunka. Ka je Unguwar Tudu hutu, ka ga inda yake ɓoye kayansa a cikin gafakar Malam, ranka ya ɓaci, ka nuna.

Ranar da aka yi masa bulala ina garin. Bayan sallar Juma'a ne, a filin bayan masallaci. Mu mata muna leƙe ta jikin zanan gidan da ke kallon filin. Na hango ka a sahun gaba, ka harɗe hannu. Kafin a fara, wani dattijo cikin kwamitin ya matso kusa da shi ya ɗaga murya.

"Sabi'u, kai ɗan malamai ne. Wa ya koya maka wannan abu? Faɗi sunansa, shi ma a kawo shi nan."

Na riƙe zana. Sabi'u ya amsa, kansa a ƙasa.

"Ba kowa, Baba. Ni na koya wa kaina."

Sau uku aka tambaye shi, amsar ba ta canza ba. Na ce a raina, Alhamdulillahi, bai sani ba. Ka ji abin da uwarka ta yi wa godiya, ana dukan ƙanenta. Da muka dawo Gammo na tsame tsokar da ta fi girma a miya na ba Zainabu ta kai maka, na ce ta ce maka Allah ya yi albarka. Kai ka ɗauka yabo ne. Ni kuwa bayanka na ɓuya. Daga ranar ka daina gaishe shi, in an ambace shi ka ce ɗan ƙwaya, ni kuma ban taɓa ce maka kul ba. Wannan ne kuskurena na uku.

Ban ce ka yi laifi ba. Abin da ka gani ka faɗa, kuma ba ka yi ƙarya ba. Tambayoyi ne dai suka hana ni sakat tun ranar, ga su nan ka tafi da su. Yaya aka yi saurayin da ya sha ƙwaya ya nome gona da safe ake ce masa jarumi, shi ɗin dai in ya sha ya zauna a bakin tasha da yamma ya zama ɗan iska? Yaya aka yi mai saye yake kwance a fili, mai sayarwa yana tsaye cikin masu kallo da carbi a hannu? Yanzu ina jin wai har cikin gidaje, a wajen biki, matan aure na zuba maganin tari a lemo. Su a wane fili za a shimfiɗa su? Ina koyar da matan aure a Islamiyya, ina kallon idanun wasu, ina sanin abin da na sani. Ba shari'ar nake tuhuma ba, Allah ya tsare ni. Mu nake tuhuma, yadda hannunmu ke saurin kai wa ga wanda ba shi da kowa.

Bulala ba ta raba shi da abin ba. Sati uku ya koma. Sai dangi suka haɗu aka ce a kai shi gidan mari, wajen wani malami a wani ƙauye ta wajen Sabon Birni. An tambaye ni, na ce a kai. Shekara ɗaya da rabi ya yi da ƙarfe a ƙafa. Sau ɗaya na je duba shi, na ga idon sawunsa, na kasa komawa. Ya fito shiru-shiru, ya rame, kowa na cewa an dace. Wata biyu ya sake komawa ruwa. A nan na gane ƙarfen nan ƙafarsa kawai ya riƙe, abin da ke kiransa yana nan yana jira a ƙofa.

Wanda ya taimake shi a ƙarshe wani tsohon kafinta ne a Gwarzo, almajirin Malam ne tun suna samari. Ba wa'azi ya yi masa ba. Ya ce yana neman mai riƙe masa katako. Kwano ɗaya suke ci. Ranar da Sabi'u bai zo ba, sai tsohon ya rufe shago ya bi shi har gida ya zauna a ƙofa yana jan carbi sai ya fito. Shi ya kai shi asibiti a birni, inda aka zauna aka saurare shi, aka ba shi magani ana ragewa a hankali. Ya zame sau biyu, tsohon bai kore shi ba. Yanzu damina biyu ke nan ba a gan shi a bayan tasha ba. Ban san wanne ne ya yi aikin ba, maganin ne, ko katakon, ko kwanon nan ɗaya, ko addu'ar Malam ce sai yanzu ta iso. Don Allah in ka je ka tambayo min malamanku, ina son in sani. Kada kuma ka yarda a ce maka wane ya lalace har abada.

Watan jiya na je suna Unguwar Tudu. Bayan azahar na zame daga cikin mata na shiga zauren Malam. Na tarar da Sabi'u a durƙushe yana goge wani akwatin katako, gumi na ɗiga. Muka gaisa. Na zauna a kan buzun Malam, na ce yau ko me zai faru sai na faɗa.

"Sabi'u, akwai maganar da na riƙe shekara da shekaru. Kunun gayyar nan..."

Bai ɗago ba. "Na sani, Yaya."

"Me ka sani?"

"Tun damina ta biyu. Na ga farin gari a gindin ƙwarya, na shafa a harshe na ji ɗaci. Da na fara saye a tasha na gane ɗanɗanon."

Na ce, "To ranar bulala, da aka tambaye ka har sau uku?"

Ya ajiye abin gugar ya dube ni. "Na san kina bayan zana. Shi ya sa ban ɗaga kai ba, kar idona ya je wajen. Yaya, in na faɗa, ke a ina za ki zauna? Yaron nan kuma yana tsaye a gaba. Ya ji an kira sunan uwarsa a fili?"

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar rasuwar Malam. Na ce ya yafe min. Ya ce ya daɗe da yafewa, wai ni kunu na ba shi, sauran da ƙafarsa ya je ya nema. Ban yarda da wannan rabon ba, amma ban yi masa musu ba. Da na share hawaye, halin nawa ya motsa, na ce akwatin wa yake yi haka da ƙyalƙyali har da ɗan aljihu a murfi.

"Na ji an ce ɗanki zai tafi karatu," ya ce. "Aljihun na takardu ne. Amma kar ki ce masa ni na yi, kar ya ƙi ɗauka."

Akwatin da ka shirya kayanka a ciki jiya ke nan, wanda aka ce maka babanku ne ya sayo a Gwarzo. Na ji ka ta taga kana gaya wa abokinka cewa wanda ya yi shi ya san aikinsa. Na karya alƙawarin da na yi wa Sabi'u, kuma wannan karon ban yi nadama ba.

Na gaya wa babanku komai ranar Lahadi. Ina gama faɗa na fara tunanin inda zan kwashe kayana. Can ya ce, "Ni ma na ga samari suna noma kamar ba mutane ba, ban tambaya ba, don dawa nake so." Iyakar abin da ya ce ke nan. Matan Islamiyya ma zan gaya musu, don akwai masu dama wa 'yan ƙwadago kunu a cikinsu, kuma dillalai ba su ƙare ba. Sauran samarin da suka sha kunun nan ina bin labarinsu ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu lafiya lau, biyu ban ji daɗin abin da na ji ba, kuma sai na nemi iyayensu. Duk wannan bai ba ni tsoro kamar kai ba. Ina tsoron yadda za ka dube ni gobe in ka shigo gaisuwa. Wataƙila wannan karon kai ne za ka kalli bango. In haka ne, na cancanta, kuma zan jira.

Amma shi bai cancanta ba. Motar birni gabas za ta yi, Unguwar Tudu kuwa tana yamma, don haka gobe Juma'a ce kawai ta rage maka. Keken babanku yana zaure, na sa an yi masa iska. Kada ka kai masa komai, kada ka yi masa dogon jawabi, kai da shi duk ba ku iya ba. Ka yi sallama, ka cire takalmi, ka durƙusa ka ce, Kawu ina wuni. Shekara biyar yana jiran wannan, ko da yake ba zai taɓa faɗa ba.

In ka dawo ba sai ka ce min komai ba, na san ba za mu iya haɗa ido ba. In ka je, ka aiko Zainabu ta ce min a dama maka kunu, zan gane. Gero ne da tsamiya da citta, ba abin da zan ƙara. Gindin masakin naka ne.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare ka daga abin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Ya jiƙan Malam, ya tabbatar da dugadugan Sabi'u, ya yafe wa uwarka. Ya sa duk abin da zai fita daga hannunka zuwa bakin wani ya zama waraka.

Wassalam,
Innarku, Gammo.